Bayani a Kan Dankali da Furensa da Hukuncin Zakkarsa

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata ga wanda ya fitar da tsiro daga ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani almajirina mutumin Ngaski ya zo mini da farin fure a hannu, ya ce a gonar dankali ya tsinko shi. Ya tambaye ni ko ƙwayar da ke biyo bayansa ita ce iri, kuma ko akwai zakka cikin abin da ya haƙa. Na rubuta amsar nan dominsa da sauran masu karatu, gama yawancinmu da fartanya muke ci.

Fasali na farko, sifarsa. Ka sani, ya ɗan'uwa, dankali shi ne wasu ke kira kudaku ko lawur. Asalinsa daga ƙasashen Amurka masu zafi ne, jiragen Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16 na Miladiyya. Ganyensa yaɗo yake yi, in ka tsinke shi sai ruwa fari kamar nono ya fito. Furensa kamar bakin kakaki yake, gefensa fari, cikinsa shunayya, yana buɗewa da asuba ya yanƙwane kafin la'asar.

Yana da 'yan'uwa biyu a bakin ruwa masu irin wannan fure. Ɗaya furen gadu, karansa da rami a ciki, saboda haka yake yawo bisa ruwa. Ɗaya duman rafi, ganyensa mai kauri kamar ƙoda, ba ya bushewa da rani. Ka tsare dabbarka daga wannan, domin akuya ko tunkiya in ta cika cinsa sai ta kama makyarkyata da tangaɗi.

Fasali na biyu, shukarsa. Ƙwayar fure ba ita ce irin manomi ba, domin kaɗan take fita, kuma abin da ta tsiro ba ya kama da uwarsa. Irin dankali yaɗonsa ne. Ka yanko kan yaɗo mai lafiya, tsawon taƙi ɗaya da rabi, ka binne gaɓa 3 cikin kunya mai tudu, ka bar kai a waje. Yana son ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwana cikinta. In taki ya yi yawa sai ya tafi ga ganye ya bar saiwa. In ƙasa ta tsage ka rufe tsagar, gama ta nan ƙwaro ke shiga, ya huda dankalin ya sa shi ɗaci. Yana nuna cikin wata 4 ko kusa da haka.

Faɗakarwa ga mai noma a bakin tafki. Tun da aka gama madatsar Kainji a shekarar 1968, ruwa ya ci tsibirai da fadamu masu yawa na ƙasar Yauri, aka tayar da Gungawa da waɗansunsu zuwa sababbin garuruwa. Ruwan nan yana janyewa da bazara, ya komo a ƙarshen damina. Ƙasar da ya bari tana da laima da daɗin noma, amma aro ce. Ni kaina na taɓa makara da shuka a can gangare, ruwa ya riga ni, dankalin ya ruɓe, yaɗon ma ya tafi, har na je roƙon iri a ƙasar Shanga. Saboda haka ka ƙidaya watanninka kafin ka dasa, kuma ka ajiye ɗan fili a tudu kusa da rijiya, ka killace shi daga awaki, kana ba shi ruwa duk rani. Wanda ya rasa yaɗo ya rasa noman shekara.

Mas'ala. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan dankali kansa, gama ba ya cikin ƙwayoyin da ake aunawa a ajiye, hukuncinsa hukuncin kayan lambu ne, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana game da su. Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin ushiri a cikinsa. Amma in ka sayar, kuɗin suka kai nisabi, shekara ta kewayo suna hannunka, to zakkar dukiya ta wajaba. Rashin wajibcin kuwa bai rufe ƙofar sadaka ba, ranar haƙa ka tuna da maƙwabci da almajiri.

Allah ne mafi sani. Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai kwafa da mai karatu. Tammat.