Sojan Da Ya Komo Daga Koriya Da Waƙa

A cikin shekarar 1958, watau shekara biyar bayan an tsagaita wuta a yaƙin Koriya, aka tura wani saurayi Ba'amurke mai suna John Barnes Chance zuwa birnin Seoul don ya yi aiki a badujalar sojan ƙasarsu. A can ne ya ji Arirang, tsohuwar waƙar bege da rabuwa wadda 'yan Koriya ke tashi da ita tun suna goye.

Waƙar nan ta zauna masa a rai. A 1965 ya ɗauki karinta ya gina kiɗan bushe-bushe a kansa, ya kira shi "Variations on a Korean Folk Song", watau juye-juyen karin waƙar gargajiyar Koriya. Da shekara ta kewayo, ƙungiyar shugabannin badujala ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Ostwald.

Irin wannan aiki yana da wuyar sha'ani. Kari ɗaya ne za a yi ta sake wa riga. In aka cika juya shi, ya ɓace. In aka bar shi yadda yake, mai saurare ya ƙosa. Balle kuma waƙar ta wata al'umma ce, amana ce a hannun baƙo.

Saboda haka Chance ya fara da gabatar da karin tsurarsa, a hankali, ta bakin wata sarewar Turawa da ake kira kilarinet. Sa'an nan ya juya shi sau biyar. A juyi na fari karin ya zabura da gudu, ana ƙwanƙwasa kurtun katako. A na biyu aka kifar da shi, inda dā yake hawa sai ya sauka, aka danƙa shi ga obo, 'yar'uwar algaita. A na uku begiloli suka mai da shi kiɗan maci. Na huɗu ya zo da nauyi da natsuwa. A na biyar makaɗa suka share fage, sa'an nan sarewa ta ɗauki rabin karin, ƙahonin tagulla suka ɗauki ɗaya rabin, suka tafi tare. Duka bai wuce minti bakwai zuwa takwas ba, kuma ko'ina mai kunne zai shaida Arirang ce.

Chance bai yi tsawon rai ba. Wutar lantarki ta kashe shi a gidansa a Lexington ta jihar Kentucky a 1972, yana da shekara 39. Amma kiɗan nasa ya shiga makarantu, har yau ɗalibai na busa shi.

Ita kuwa Arirang, da ita 'yan wasan Koriya ta Kudu da ta Arewa suka shiga fili tare a gasar Olamfik ta Sydney a 2000. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gādon duniya da sunan Kudu a 2012, da sunan Arewa a 2014. Ƙasar tana nan a rabe, waƙar kuwa kowane ɓangare na cewa tasa ce.