Me Ya Ci Samanja da Karkuzu? Nazari Kan Wasannin Talabijin da Aka Manta

Da aka sanar da rasuwar Usman Baba Pategi a watan Nuwamban 2023, an ga wani abu a gidaje da yawa: uba yana jimami, ɗansa na tambaya wane ne. Wannan shi ne Samanja Mazan Fama, mutumin da ya shafe shekaru yana hana tituna cika a daren da ake nuna wasansa. Haka aka yi a 2017 da ɗan wasa Kasimu Yero ya rasu. Tsakanin uba da ɗa shekara talatin ce kacal, amma sunan da ya cika Arewa ya kasa tsallake ta.

Wasannin su Samanja ba 'yan kwana biyu ba ne. Talabijin ta iso Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980. A tsakanin nan kowane gari ya samu nasa: Samanja, Karambana da Tambari a Kaduna, Kuliya Manta Sabo a Kano, Idon Matambayi a Sakkwato, Karkuzu na Bodara a Jos. A matakin ƙasa akwai The Village Headmaster, wanda ya yi shekara ashirin daga 1968 zuwa 1988, da Cockcrow at Dawn, inda Kasimu Yero ya fito a matsayin Gaga.

Me ya sa aka manta da su? Amsar da ake saurin bayarwa ita ce zamani ya canza, yara sun koma waya. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Mamman Shata sa'an zamanin nan ne, ya rasu tun 1999, amma yau ɗan achaɓa mai shekara ashirin yana da waƙoƙinsa a waya. Finafinan Indiya na shekarun 1970 har yanzu ana kallonsu, har fassara su ake yi da Hausa. Littafin Magana Jari Ce ya girmi talabijin ɗin Najeriya kanta, kuma yana nan a kasuwa. To me ya sa waɗannan suka rayu, wasannin talabijin suka nitse?

Bambancin yana ga wanda ya riƙe abin a hannu. Waƙar Shata kaset ce a rumfar mai sayarwa. Ka saya, ka ba abokinka ya kwafa, shi ma ya ba wani. Ko gobara ta cinye rumfa ɗaya, akwai dubu a wasu garuruwa. Wasan Samanja kuwa kayan gwamnati ne, kwafi ɗaya a ɗakin ajiyar tasha. An nuna shi, ya wuce. A lokacin da yake tashe, gidajen da ke da na'urar bidiyo ta ɗauka ba su taka kara sun karya ba. Akwatin talabijin ɗin ma sau da yawa na maƙwabci ne, yaran unguwa a zube a tsakar gida ko a maƙale a taga. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne abin da ya riƙe a ka.

Kwafi ɗayan nan ma bai tsira ba sau da yawa. Kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada, daga waje ake kawo shi, don haka tashoshi kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Ba mu kaɗai muka yi haka ba; BBC da kanta ta goge kashi da dama na Doctor Who, har yau ana neman wasu. Amma a nan matsalar ta ninku bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da Naira ta faɗi, kuɗin tashoshin gwamnati ya ja baya. Tashar da ke fama da man janareta ba za ta sanyaya ɗakin ajiya ba. Zafi da ƙura da laima suka ci rabonsu, injinan da ke iya karanta tsofaffin kasakasan suka mutu ba a gyara ba.

Sai kuma kasuwa ta kawo nata. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin bidiyo ya buɗe hanyar da ɗan wasa zai sayar da aikinsa kai tsaye. A 1992 aka ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, tauraron ɗan adam ya biyo baya. Masu kallon da a da suke taruwa a tasha ɗaya, a sa'a ɗaya, suka watse. Wannan muhimmi ne, domin abin da ke dasa wasa a zukata shi ne hirar washegari a makaranta da kasuwa da majalisa. Da hirar ta mutu, ba kuma maimaici, sai wasan ya tsufa tare da waɗanda suka gan shi.

Ya kamata a faɗi gaskiya: ba duk abin da ya ɓace ne zinariya ba. Da yawa daga cikin wasannin wayar da kai ne na gwamnati, a biya haraji, a kai yara makaranta, da ɗaki ɗaya da kujeru uku. Begen da muke yi, rabinsa na ƙuruciyarmu ne.

Duk da haka asarar tana da nauyi. Ta farko, tarihi ya gurgunce. Matashi yana jin labarin fim ɗin Hausa kamar daga 1990 ya faro, alhali ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka haifi Kannywood a gaban kyamarar talabijin da yawansu suka koyi aiki. Ta biyu ta shafi harshe. Samanja tsohon soja ne, kuma Hausar bariki da yake yi, mai gauraye da Turancin fareti, hoto ce ta yadda sojoji daga ƙabilu daban-daban suke magana da juna bayan yaƙin basasa. Mai binciken harshe da zai so jin ta yau, guntaye kawai zai samu, masu dishi-dishi, waɗanda wani ya ɗora a YouTube. Haka Sakkwatancin Idon Matambayi.

Ta uku ita ce mafi ciwo. Wasan da ba a maimaitawa ba ya kawo wa mai shi ko sisi. Shi ya sa sau da yawa ba a jin sunan tsohon ɗan wasa sai ya kwanta ciwo ana neman taimako, ko an yi jana'izarsa. A ranar ake tono hotonsa, a yi kwana biyu ana yabo.

Wasannin yanzu, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, ko Labarina, ba su cikin wannan hatsarin kai tsaye, tunda suna intanet kuma mutane suna sauke su a waya ana tura wa juna, kamar kaset ɗin Shata. Nasu hatsarin daban ne: yawa. Kowane mako sabbin shirye-shirye na fitowa, wanda aka gama bara yana can ƙasan jeri, ba a goge shi ba, ba kuma mai neman sa.