Sabon Talabijin, Tsohon Hoto: Yadda Ake Daidaita Dikoda a Birnin Alƙahira

A filinmu na kimiyya da fasaha na wannan karo za mu leƙa birnin Alƙahira na ƙasar Masar, domin mu tattauna wata matsala wadda ta zama ruwan dare a gidajen mutane. Magidanci zai je Titin Abdul Aziz, inda kantunan kayan lantarki suke jere tun daga dandalin Ataba, ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi talabijin mai faɗin fuska. In ya kai gida ya kunna, sai ya tarar hoton bai fi na tsohon akwatinsa ba, wani lokaci ma har ya fi shi dusashewa. Sau da yawa talabijin ɗin ba shi da laifi. Matsalar tana cikin ƙaramin akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashinsa, wanda muke kira dikoda, Misirawa kuwa suke ce masa risifar.

A cikin jerin abubuwan da ake daidaitawa a kowace dikoda akwai waɗansu lambobi kamar haka: 576i, 720p, 1080i, 1080p, a waɗansu sababbi har da 2160p. Yawancin mutane ba su taɓa buɗe wannan wuri ba, waɗanda suka buɗe kuma sukan zaɓi lambar da ta fi girma kawai, suna zaton an gama. Kafin mu san wadda ta dace, sai mun san asalin lambobin.

Masar ta buɗe gidan talabijin nata ran 21 ga watan Yuli na 1960, a zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, daga ginin Maspero da ke bakin kogin Nilu. Watanni kaɗan kafin wannan, a watan Oktoba na 1959, an buɗe tashar Ibadan a Nijeriya. Ƙasashen biyu duk sun bi tsarin Turai, inda ake yanka hoto zuwa layuka 625 daga sama zuwa ƙasa. Daga cikinsu 576 ne kawai suke ɗauke da abin da ido ke gani. Da launi ya shigo a shekarun 1970, Masar ta fara da tsarin Faransa mai suna SECAM, wanda Nijar ma ta bi, daga baya ta koma tsarin Jamus mai suna PAL, irin na Nijeriya. Duk da wannan sauyi yawan layukan bai canja ba. To, wannan lamba ta 576 da kuke gani a dikoda gadon wancan zamani ne.

Hoton talabijin na yanzu kamar saƙa yake. Duk wanda ya san zane ya san cewa gwargwadon yawan zaren da masaƙi ya cusa a cikin taƙi guda, gwargwadon laushin zanen da fitowar adonsa. A nan ɗige-ɗige ne a madadin zare. Tsohon tsari yana da ɗigo 720 a kowane layi, sau layi 576, watau ɗigo 414,720. Tsarin 720 yana da 1280 sau 720, ɗigo 921,600 ke nan. Tsarin 1080 yana da 1920 sau 1080, watau 2,073,600, ninki biyar daidai na tsohon tsari. Wanda ake kira 4K kuwa yana da 3840 sau 2160, ɗigo 8,294,400, ninki ashirin.

Saura kuma haruffan nan biyu, i da p. Injiniyoyin farko sun tarar hanyar iska ba za ta iya ɗaukar cikakken hoto sau hamsin a daƙiƙa guda ba. Sai suka yi dabara: a aika layi na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sa'an nan a komo a aika na biyu, na huɗu, na shida. Saboda saurin abin, ido yakan haɗa rabi da rabi ya ga hoto guda. Wannan tsari na tsallake-tsallake shi ne harafin i yake nufi. Harafin p kuwa yana nufin ana aika layukan duka a jere, cikakken hoto kowane karo. Tsohon akwati mai ƙugu yana iya zana hoto rabi-rabi, amma talabijin mai shafaffiyar fuska ba ya iyawa. Tilas ne a haɗa masa rabin biyu tukuna, kuma aikin yana da wuya, domin a tsakanin rabin farko da na biyu ƙwallon da aka buga ya riga ya gusa. Na'urar da ba ta ƙware ba takan bar gefen abu mai motsi da haƙora kamar na matsefi.

Yanzu mun zo ga gundarin maganar. Kowane talabijin na zamani yana da adadin ɗige-ɗigensa da aka ƙera shi da su, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Tashoshi kuwa kowace da irin abin da take aikowa. Tun da Masar ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, Nilesat 101, a watan Afrilu na 1998, rufin gidajen Alƙahira ya cika da farantan kama tashoshi, waɗanda muka fi sani da dish. Na baya-bayan nan, Nilesat 301, ya tashi a watan Yuni na 2022. Daga wannan kusurwa ta sama ana samun ɗaruruwan tashoshi, da yawa daga cikinsu har yanzu a kan layi 576 suke, masu hoto mai inganci kuwa galibi 1080i suke aikowa. A waɗansu ƙasashe an zaɓi wata hanya: gidajen ARD da ZDF na Jamus suna aika 720p ta tauraron ɗan'adam, haka ma ABC da Fox a Amurka, alhali CBS da NBC sun tsaya a kan 1080i.

Tun da abin da tasha ta aiko bai cika dacewa da fuskar talabijin ba, dole wani ya yi aikin tafinta a tsakani, ko dikoda, ko talabijin. Lambar da mutum ya zaɓa a dikoda ita ce take yanke wanda zai yi fassarar, da kuma sau nawa za a yi ta. Mu da muke aikin rediyo mun san abin da ke samun magana in ta bi ta bakin tafinta biyu. Alal misali, tasha ta aiko 1080i, an ɗora dikoda a kan 720p, talabijin kuma mai layi 1080 ne. Dikoda za ta zubar da fiye da rabin ɗige-ɗigen, sa'an nan talabijin ya sake buɗa abin da ya rage ya cike gurbin da kintace. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Haka kuma in tasha ta aiko 576, ko an ɗora dikoda a kan 2160p ba za ta ƙago abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Cikin kowane ɗigo ashirin da ke kan fuskar, kimanin goma sha tara ƙiyasi ne na na'ura. Saboda haka ƙa'idar ita ce a yi fassara sau ɗaya tak, kuma a ba wa na'urar da ta fi ƙwarewa.

Kafin a taɓa lambobi, sai a duba waya. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba ta ɗaukar fiye da layi 576 a ƙasashenmu, ko me aka zaɓa a cikin dikoda. Haka ma wayar eriya da ake jawowa daga wani ɗaki a unguwa a rarraba wa gidaje, wadda mutanen Alƙahira suke kira wasla: in siginar tsohon tsari ce ke bin ta, hoton ba zai wuce na da ba. Hoto mai inganci yana bukatar wayar HDMI. Gidaje da yawa sun sauya talabijin sun bar tsohuwar waya, an yi sabuwar riga an ɗora a kan tsohon wando.

In waya ta daidaita, sai a nemi sanin ɗige-ɗigen talabijin, a jikin kwalinsa ko a takardar da ta zo da shi. Wanda yake da mai layi 1080 sai ya gwada 1080i da 1080p. In ya zaɓi 1080i, hoton manyan tashoshi zai wuce ta dikoda ba tare da an taɓa shi ba, talabijin ya haɗa rabin biyu da kansa. Wannan shi ya fi dacewa idan talabijin mai kyau ne, dikoda kuwa 'yar araha ce, kamar yadda abin yake a gidaje da yawa. In kuwa dikodar ce sabuwa mai ƙarfi, talabijin ya tsufa, 1080p yana iya fi. Akwai tarko guda a nan: waɗansu dikodoji suna da 1080p mai lamba 24, ko 25, ko 30 a gefe, watau yawan hotuna a daƙiƙa. Wanda ya ɗora a kansu zai ga wasan Al Ahly da Zamalek yana tafiya da ƙyar, kamar 'yan wasan suna ɗingishi.

Ƙananan talabijin masu inci 32 da yawansu suna da ɗigo 1366 sau 768, adadin da babu tashar da take aikowa. A nan ba makawa talabijin zai yi fassara, don haka barin dikoda a kan 1080i yana hana a yi ta sau biyu a manyan tashoshi, ko da yake yana da kyau a gwada 720p a gani. Mai 4K kuma, muddin tashoshin da yake kallo ba su wuce 1080 ba, babu abin da zai rasa in ya bar wa talabijin aikin buɗa hoton.

Waɗansu dikodoji suna da zaɓin da ke mika hoto yadda tasha ta aiko shi, 576 ya fita 576, 1080i ya fita 1080i. Ta fuskar inganci wannan shi ne mafi tsabta ga mai talabijin mai kyau. Aibinsa shi ne fuska takan yi baƙi na ɗan lokaci duk sa'ad da aka tashi daga tasha mai wani tsari zuwa wata. Wannan zaɓi dabam yake da wanda ake rubuta wa Auto, inda dikoda take tambayar talabijin abin da yake iya karɓa, sa'an nan galibi ta ɗauki mafi girma ta tsaya a kai.

Akwai wata lamba da aka fi mantawa da ita, watau 50 da 60. Tun farko an ɗaure saurin hoto da saurin wutar lantarki, wadda take juyawa sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, sau 60 a Amurka. Tashoshin Masar, da Nijeriya, da Nijar, da Gana duk a kan 50 suke. In dikoda ta koma 60, dole ta maimaita hoto ɗaya cikin kowane biyar domin ta cike lissafi, sau goma ke nan a daƙiƙa. Ana gane wannan ga rubutun labarai da ke gudu a ƙasan fuska, sai a ga yana tafiya yana tuntuɓe. A lura kuma, yanzu tasha ake bi, ba wutar gida ba. Ƙasar Saudiyya wutarta 60 ce, amma tashoshinta 50 ne, don haka mazaunin Jidda ma 50 zai zaɓa.

Sai kuma siffar hoto. Tsohon akwati faɗinsa huɗu ne, tsayinsa uku, sabon kuwa 16 da 9. Misirawa suna da taskar tsofaffin fina-finai baƙi da fari, na su Fatin Hamama da Isma'il Yasin, da wasannin Ummu Kulsum, waɗanda aka ɗauka a tsohuwar siffa. Mutane da yawa ba sa son ganin baƙin gurbi dama da hagu, sai su ja hoton ya cika fuska. Yin haka yana ƙara wa kowane mutum faɗi da kashi ɗaya cikin uku. A gaya wa dikoda cewa talabijin 16 da 9 ne, a kuma bar tsohon fim da gurbinsa, haka masu shi suka ɗauke shi.

Yana da kyau kuma a san iyakar ido. Mai lafiyar ido da ke kallon talabijin mai inci 32 ba zai ga cikakken amfanin 1080 ba sai yana zaune kimanin mita ɗaya da kwata daga fuskar. In ya wuce mita biyu, da ƙyar ya bambance 720 da 1080. Ga mai inci 55, amfanin 4K ba ya cika sai a kusan mita ɗaya. Wannan lissafi yana iya tsare wa magidanci kuɗinsa kafin ya shiga kanti. Haka nan, in hoto yana farfashewa gida-gida ko yana tsayawa cik, dalilin yakan kasance dish ya goce, ko ruwan sama, ko kuwa tashar ce ta matse siginarta domin rage kuɗin haya a tauraro. Sauya lamba ba ya maganin wannan.

Wani kuma yakan ji tsoron taɓa wurin, kada fuska ta yi baƙi ya rasa hanyar komowa. Dikodoji da yawa sukan koma lambar da in ba a amince da sabuwar ba cikin 'yan daƙiƙoƙi. Waɗansu suna da maɓalli a jikin rimot da ke zagaya lambobin ɗaya bayan ɗaya. In duk sun ƙi, tsohuwar wayar nan mai ruwan ɗorawa takan fito da hoto a gyara.

Daga ƙarshe, shawararmu ita ce mutum ya zaɓi tashar da ya fi kallo, ya sa ido ga rubutun da ke gudu a ƙasa da kuma wasan ƙwallo, ya gwada lambobi biyu ko uku daga inda ya saba zama. Ɗalibinmu da ke karatu a Azhar, da magidanci a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, duk gwajin ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Lambar da ta fi yi wa ido daɗi daga kujerar mai gida, ita ce daidai ga wannan ɗaki. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.