Belot: ranar da 9 ta cinye mini A

Yau hirar belot za mu yi, wasan kartar Faransa da matasa ke bugawa a fada a Nijar.

Mutum huɗu ne, biyu-biyu, da kati 32, daga 7 zuwa A. Kala ɗaya ake zaɓa ta zama atu, ita ke doke sauran. Wanda ya fara jefa kati, dole kowa ya bi kalarsa. In ba ka da ita, ka sare da atu, sai fa in abokinka ke kan ci.

To, ga inda na sha kashi ranar farko. Na ga A da 10 a hannuna, na ce na ɗauka. Ashe a atu J ne babba, maki 20, sai 9 mai 14, sannan A mai 11. Aka cinye mini su ɗaya bayan ɗaya. Abokina har muka tashi bai ce mini uffan ba.

Jimillar maki 162 ne, har da 10 na cin ƙarshe. In kai ka ɗauka, 82 kake nema. Ka gaza, duka na abokan hamayya ne.

Saboda haka, ba J ba 9, ka haƙura. Atu takwas ne kacal, ka riƙa ƙirga waɗanda suka faɗi. In abokinka ke kan ci, jefa masa 10 ɗinka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.