Kudancin Kaduna Na Da Wuraren Shaƙatawa, Sai Dai Baƙo Ba Ya Kwana

KASUWAN MAGANI — Duk ranar Alhamis manyan motoci kan yi layi a bakin titin da ya tashi daga Kaduna zuwa Kachiya, fatake na lodin hatsi da doya daga wannan kasuwa da ke ƙaramar hukumar Kajuru. Kowa ya san garin da ciniki. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, daga nan ne matafiyi yake shiga yankin duwatsu da koguna wanda zai iya zama tushen kuɗin shiga ga jihar Kaduna ta fuskar yawon buɗe ido.

Tafiya kaɗan daga kasuwar, a kan wani dutse kusa da garin Kajuru, akwai wani katafaren gini mai ganuwa da hasumiya, irin fadojin sarakunan Turai na zamanin da, wanda wani Bajamushe mai suna Gerhard Huebner ya gina da duwatsun wurin a shekarun 1980. Shekaru da dama ma'aikatan jakadanci da attajirai daga Kaduna da Abuja sun riƙa zuwa hutun ƙarshen mako a can.

Idan aka nausa kudu ta Kachiya da Zonkwa, kafin a shiga Kafanchan akwai Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake zubowa daga tsayin kimanin mita 30 zuwa cikin kwazazzabo. Da damina ƙarar ruwan kan riga ganinsa isa ga mai zuwa. A Kagoro kuwa, ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara ake bikin Afan, wanda mafarauta da makaɗa suke cika gari, kamar yadda jama'ar Ham suke nasu bikin Tuk Ham a Kwoi a lokacin Ista.

To amma sunan da ya fi kowanne nisa a duniya shi ne na ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a wurin, kuma daga 1943 Bernard Fagg ya duƙufa kan nazarinsu, har aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt suka fara a 2005 ya nuna cewa al'ummar da ta yi waɗannan kayayyaki ta fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2013 an baje kolinsu a Frankfurt, Turawa suka biya kuɗi suka kalla. Mai son ganin mafi kyawunsu a gida kuwa, Jos ko Legas ko Kaduna zai nufa; ƙauyen da ya ba su suna kaɗan ne ya rage a hannunsa.

A nan ne lissafin tattalin arziki ya shigo. Ribar yawon buɗe ido tana wajen kwana ne. Baƙon da ya taso daga Kaduna da safe ya sha mansa a can, ya zo da abincinsa a kula, ya ɗauki hoto a Matsirga ya juya kafin la'asar, bai bar wa mutanen Madakiya komai ba sai sawun taya. Wanda ya kwana biyu kuwa, zai biya ɗaki, ya ci abinci sau shida, ya hau acaɓa, ya sallami ɗan rakiya, ya sayi zuma da acca da citta ya yi tsaraba. Naira ɗaya da ta shiga hannun mai masauki takan ratsa ta hannun mahauci da mai itace da mai wanki kafin ta bar gari. Abin da ya ɗaga Yankari a jihar Bauci ke nan: ban da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, an gina ɗakunan kwana a cikin dajin.

Dalilin da ya sa baƙi ke gudun dare ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu masu binciken Nok a ƙaramar hukumar Kagarko, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A watan Oktoban 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 55. Wata shida bayan haka, a Afrilun 2019, 'yan bindiga suka kai hari ginin Kajuru, suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Ingila da wani ɗan Nijeriya. Gwamnatin jiha ta sake gina kasuwar daga baya, sai dai rumfa ta fi amana saurin ginuwa, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba jari a otal alhali bai da tabbacin ɗakunansa za su ga baƙi.

Batun ya ƙara muhimmanci bayan 2023, shekarar da wata cuta ta lalata gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, yankin da ke noma mafi yawan cittar Nijeriya. Manoma da yawa sun rasa iri da jari a damina ɗaya, abin da ya nuna haɗarin dogaro da amfani guda.

Tun a 1992 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa da doka mai lamba 81, amma hukuma a Abuja ba ta gyara titin ƙauye, ba ta kuma tsare shi. Wannan aikin jiha ne da ƙananan hukumomi da masarautu, kuma ba ya buƙatar ƙaton gini: hanya mai kyau zuwa bakin ruwa, jami'an tsaro na dindindin, da horar da matasan wurin su zama 'yan rakiya masu rajista.

Sufuri ma na da nasa rabon. Layin dogo ne ya raya Kafanchan, tun da ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos a 1927, kuma durƙushewar jirgin ta rage baƙin da ke kwana a garin. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa ta Kafanchan. Sashen Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024; daga Aba zuwa Kafanchan akwai sauran ɗaruruwan kilomita.