Yadda Ake Bambanta Tsiron Sisyrinchium da Ciyawa

Ba kowane tsiro mai siririn ganye ne ciyawa ba. Sisyrinchium campestre yana fitowa da kansa a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, kamar jihohin Iowa da Minnesota. Danginsu ɗaya da rumana da ke dazuzzukanmu. Yana yin fure tsakanin Afrilu da Yuni, bayan wucewar sanyi.

Alamomin Gane Shi

1. Tsawo: bai cika wuce santimita 40 ba.
2. Kara: a baje yake, ba shi da gaɓoɓi irin na ciyawa.
3. Ganye: yana fitowa daga gindi, a jere kamar mafici.
4. Fure: kunnuwa 6, shuɗi-shuɗi ko fari, tsakiyarsa rawaya.
5. 'Ya'ya: ƙaramin ƙwanso mai ɗaki 3.

A duba shi idan rana ta fito, domin furen yana rufewa da yamma ko lokacin hadari.

Wajibi ne malamin gona ya san alamomin wannan dangi, ya kuma koya wa makiyaya. Wasu daga cikinsu, kamar Moraea a kudancin Afirka, suna da gubar da ke kashe shanu da tumaki.