Ƙofar Hasken da Ke Buɗe Kanta

Yau cikin gilashin kyamarar fim za mu leƙa, inda wasu siraran ƙarafa ke haɗuwa su bar ɗan rami a tsakiya. Masu sana'ar na ce masa airis. In ya buɗe haske ya kwararo, in ya tsuke haske ya ragu, kamar yadda ƙwayar ido ke yi idan mutum ya fito daga ɗaki ya shiga rana. Akwai lambobi a jikin gilashin, 2.8, 4, 5.6, 8, kowane hawa ɗaya na rage hasken da rabi.

To wa zai riƙa juya shi, mutum ko inji?

A 1938 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da kyamarar hoto mai suna Super Six-20, ta farko da aka kai kasuwa mai saita wa kanta ƙofar haske. Kuɗinta dala 225, a zamanin da wannan kuɗi dukiya ce, shi ya sa waɗanda aka ƙera ba su kai dubu ba. Amma ku ji hikimar. Ba batir a cikinta. Ba batir ko ɗaya! Wani ɗan faifan sinadarin seleniyom ne a saman gilashin. Haske na sauka a kansa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, wutar ta ture wata allura. Kana danna maɓalli, wani ƙarfe mai haƙora ya cafke allurar a inda ta tsaya, ramin ya tsuke daidai wurin. Wallahi duk sanda na tuna wannan aiki sai na jinjina wa waɗanda suka zauna suka ƙirƙiro shi.

Kyamarorin dijital na yau sun fi ta sauri nesa ba kusa ba, sai dai lissafin bai canza sosai ba. Injin yana auna hasken da ke gabansa, ya nemi mayar da shi tsaka-tsaki, launin toka mai dawo da kashi 18 cikin ɗari na haske. Bai san wane ne jarumi ba. Bai san fuskar wa ake so a gani ba.

A ce ana ɗaukar fim a Kano da tsakar rana. Jaruma na magana, sai ango ya shigo hoton da farar babbar riga ƙal. Injin ya ga fari ya yi yawa, ya tsuke ramin, fuskar jaruma ta dushe. Ango ya fita, ramin ya sake buɗewa. Mai kallo bai san sunan abin ba, amma idonsa ya ga hoton na haske yana duhu, yana haske yana duhu. Mu masu baƙar fata mu abin ya fi cuta, don fuskarmu ce ke fara nutsewa. Kuma duk motsin ramin na sauya bayan hoton: bangon da ya narke ɗazu sai ya fito tangaran.

Shi ya sa yawancin gilasan manyan finafinai ba su da mota a ciki, hannu ke juya su. Gilasan hoto da ake ɗaura wa kyamarar fim kuwa taki-taki suke tafiya, kana ganin tsallen a allo.

Ba na cewa a jefar da otomatik. Mai ɗaukar biki da ke bin amarya daga ɗaki zuwa tsakar gida shi kaɗai, yana buƙatarsa. Canon ta sa wa kyamararta C100 maɓallin da za ka danna, inji ya auna, ka saki ya tsaya cak, hukunci ya dawo hannunka.

Sony kuwa wata hanya ta bi: a kyamarorinta FX6 da FX9, ta bar ramin a inda ka ajiye shi, duhun wani gilashin lantarki ne ke ƙaruwa yana raguwa a hankali, yana barin daga kashi ɗaya cikin 4 na haske har ɗaya cikin 128.